Allunan da ake ninkewa a gidan tarihi: koyo ne ko dai wasan yara?

Mai_Jagora:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen ilimantarwa na wani ƙaramin gidan tarihi. Ɗaki ɗaya gare mu. Shi ne aji da safe idan 'yan makaranta suka zo, shi ne zauren nuni da yamma, wani lokacin ma a nan ake taro. Na kawo shawarar mu yi alluna kamar ashirin masu girma ɗaya, waɗanda ake haɗa su a tsayar, a yi lungu ko ɗan ɗaki ko doguwar katanga, baƙi su yi zane a jiki ko su liƙa abin da suka ƙera, idan an tashi a ninke a kai sito. Shugabana ya ce wannan kayan ɗaki ne kawai aka raɗa wa babban suna, yara za su yi ta kifar da su, ba abin da za su koya. Maganar ta tsaya min a rai domin ban sami amsar da zan ba shi ba. Waɗanda suka taɓa aiki da irin wannan, da gaske ana koyon wani abu? Kuma da me ya kamata a yi su?

Tsohon_Kafinta:
Wa alaikumus salam 'yata. Maganar koyo na bar wa malamai, ni wurin da na sani zan taɓa. Allo ba ya mutuwa, hinji ne ke mutuwa, wato ƙarfen mahaɗi irin na ƙofa. Idan kika sa ƙananan hinji biyu a gefen katakon nan na garin itace da aka matse, ba za a jima ba sukurun zai fara zamewa, domin gefen irin wannan katako ba ya riƙe ƙarfe. Ko dai a sa dogon hinji daga sama har ƙasa, nauyin ya rabu, ko a liƙa ƙyalle mai kauri ciki da waje. Na biyun ya fi min, ba ya ƙara, ba ya tsatsa, idan ya yage a sake wani. Sannan nauyi. Duk allon da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba, ki rubuta ki ajiye, ba za a riƙa ninke shi ba. Inda aka fara tsayar da shi nan zai tsufa, kin ga an koma katangar da ake gudu.

Mai_Jagora:
Na gode Baba. Ni da na fi karkata ga kwali mai kauri saboda sauƙin ɗauka.

Tsohon_Kafinta:
Kwali mai ninki biyu ko uku yana aiki, amma kusurwarsa ce ke fara lanƙwasa, kuma shi da ruwa ba sa ga maciji. Idan za a yi fenti mai ruwa a ɗakin, ki sake tunani.

Dalibar_Fasaha:
Yaya Mai_Jagora, ki gaya wa shugabanki ya nemi labarin Lygia Clark, 'yar ƙasar Birazil. A 1960 ta fara yin wasu sassaƙe da ta kira Bichos, wato halittu ko dabbobi. Fallayen ƙarfe ne marasa nauyi, wasu masu kusurwa uku wasu rabin da'ira, an haɗa su da hinji. Ba su da gaba ba su da baya, ba su da sama ko ƙasa. Sai mai kallo ya ɗauka ya juya sannan abin yake samun siffa, wani ya zo ya sake masa wata. Ita da kanta ta kwatanta hinjin da ƙashin baya. Abin da ya fi burge ni shi ne halittar ba ta bin umarninka gaba ɗaya, ka tura wannan fallen wancan ya faɗo ta inda ba ka zata ba. To idan wannan kayan ɗaki ne, manyan gidajen fasaha na duniya sun daɗe suna baje kayan ɗaki ke nan.

DanKallo77:
Dalibar_Fasaha, faɗi ƙarshen labarin mana. Yau idan kin je inda aka ajiye na ainihin, hannunki ba zai kai gare su ba. Suna kan teburi, ga mai gadi yana kallon ki. Sai dai a ba ki kwafi ki juya. Abin da aka yi don a taɓa ya yi tsada har ya fi ƙarfin taɓawa. Ni wannan shi ne ya sa ba na saurin yarda da maganar "baƙi su shiga a yi da su". Gidan tarihi an gina shi ne a kan "kar ka taɓa", komai daren daɗewa halinsa zai koma.

Dalibar_Fasaha:
Gaskiya ne kwafi ake bayarwa. Amma ai wannan hujja ce a wajen Yaya Mai_Jagora. Nata allunan ba mai kuka idan ɗaya ya lalace, sai a yanko wani.

Malama_Aji_Hudu:
Bari in shigo a matsayin wadda take kai yara irin waɗannan wurare. Shugabanki bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Na taɓa kai ɗalibaina wani wuri da aka zube musu fararen alluna aka ce kowa ya gina abin da yake so. Minti biyar na farko sun tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Daga nan yara maza uku masu ƙarfin hali suka kwashe rabin allunan suka yi ganuwa, sauran suka koma gefe. Da muka dawo na tambaye su me suka gani a gidan tarihin, ba wanda ya ambaci kaya ko ɗaya da ke cikin gilashi. Ganuwar kawai suke tunawa.

Wani zuwan kuma, a wani wurin daban, sai da jagorar ta fara zagayawa da su suka kalli wani tsohon tulu da ya fashe aka harhaɗa shi, wani ɓangaren babu. Sannan ta raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni allo shida, ta ce su gina wa tulun wurin zama yadda mai shigowa zai fara ganin gefen da ya ɓace. Ki ga gardama! Wannan ya ce a toshe bayan, wancan ta ce haske ba zai shiga ba. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ita ce ta gano cewa idan aka karkatar da allo biyu, dole mai wucewa ya sunkuya. Allunan kusan iri ɗaya ne a wurare biyun. Tambayar da aka ba su ce ta bambanta. "Yi abin da kake so" ba 'yanci ba ne a wajen yaro ɗan shekara tara, tsoro ne.

Abban_Yara:
Malama kin gama magana. Manya ma haka muke. A ba ni farar takarda a ce in yi zane a gaban mutane, sai in tuna ina da kira a waya.

Injiniya_Sifili:
Akwai abin da ya kamata a raba, domin "mai ninkewa" kalma ɗaya ce amma abubuwa biyu ne. Na farko shi ne wanda hanyar buɗewarsa ɗaya ce tak. Misali ninkin Miura, wanda wani masanin sararin samaniya ɗan Japan, Koryo Miura, ya fito da shi a 1970. Layukan ninkin ba a miƙe suke haɗuwa ba, an ɗan karkatar da su, don haka idan ka ja kusurwa biyu da ke fuskantar juna dukan takardar ta buɗe lokaci guda, ka tura ta koma. An gwada shi a faifan sola na wani tauraron ɗan'adam na Japan da aka harba a 1995, ana kuma ninke taswira da shi. Ƙwallon nan na Chuck Hoberman mai kumbura ya tsuke shi ma haka yake. Abin sha'awa ne, amma mai taɓawa ba shi da zaɓi, injiniya ya riga ya yanke komai. Buɗe, rufe, shi ke nan.

Na biyu shi ne irin na Clark, ko allunan da kike nufi, inda kowane hinji yake da ikon kansa. Siffofin da za su iya fitowa ba su ƙirguwa. Farashin da ake biya shi ne rashin tsayuwa. Don haka tambayar da zan yi miki, wanne kike so? Idan ninkewa don sito ne kawai, ɗauki na farko ki huta. Idan ninkewar ce darasin, na biyu, amma ki shirya wa faɗuwa.

Mai_Jagora:
Na biyu nake so Injiniya. Yaya za a rage faɗuwar?

Injiniya_Sifili:
Allo biyu a layi ɗaya miƙe za su kife da ɗan turi. Ki karya layin, su tsaya kamar haƙoran zarto, sai kowane ɗaya ya zama ƙafar ɗan'uwansa. Haka labulen katako da takarda na Japan masu ninkewa suke tsayawa ba tare da wani tokari ba. Uku idan aka rufe su suka yi alwatika ba sa motsi sam, huɗu kuwa suna iya murɗewa su kwanta. Wannan ma kaɗai darasi ne, ki bar yara su gano da kansu kar ki faɗa musu. Kuma kar tsayin ya wuce kafaɗar babban mutum, don mai kula da ɗaki ya riƙa hango abin da ke faruwa a baya.

Tsohon_Kafinta:
Injiniya ya manta yatsa. Inda allo biyu suke haɗuwa, nan ne tarkon. A ƙa'idar kayan filin wasan yara ta Turai ana guje wa tazarar da ta faɗa tsakanin milimita 8 da 25, domin nan yatsa ke shiga ya ƙi fita. Amma hinji ya fi haka sharri, tunda tazararsa canzawa take yi, yanzu a buɗe anjima ta matse. Wani dalilin ke nan da ya sa na ce ƙyalle, yana rufe ramin gaba ɗaya.

Injiniya_Sifili:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe.

DanKallo77:
Tunda an zo maganar rauni, ku tuna abin da ya faru a gidan fasaha na Tate da ke Landan a 1971. Mai fasaha Robert Morris ya cika zaure da abubuwan hawa da turawa da lilo, aka ce jama'a bismillah. Kwana huɗu aka rufe, mutane sun yi ta tsalle-tsalle, kaya sun kakkarye, wasu sun ji ciwo. Sai a 2009 aka sake shirya shi a Tate Modern da kayan da suka fi ƙwari. Waɗannan fa manya ne, ba 'yan aji huɗu ba.

Dalibar_Fasaha:
Na Morris ba masu ninkewa ba ne, gangare ne da katakon tafiya a kai da manyan ganguna da ake shiga ciki. Kuma ni yadda nake karanta labarin, ba ƙin abin mutane suka yi ba, son shi suka yi fiye da yadda aka shirya. Shekara uku kafin nan, a 1968, Palle Nielsen ɗan Denmak ya mayar da zauren gidan fasaha na Moderna Museet da ke Sitokholm filin wasan yara na mako uku, dubban yara suka shiga suna gini suna fenti. Ba sabon abu ba ne, kuma ba kullum yake ƙarewa da rufe ƙofa ba.

DanKallo77:
Mako uku. Mai_Jagora kuma so take nata ya yi shekaru.

Ummu_Biyu:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Ɗana a keken guragu yake tafiya. Abin da ke ba ni takaici da irin waɗannan ɗakunan shi ne, mai tsara gini ya bar hanya mai faɗi kamar yadda doka ta ce, sai baƙi su zo su ja alluna su toshe ta, ba da mugunta ba, su dai ba su yi tunanin mu ba. A ƙa'idar Amurka hanyar keke ba ta gaza inci 36 ba, wajen santimita 91 ke nan, wurin juyawa kuma inci 60. Wa zai tsaya yana auna wannan a ɗakin da siffarsa ke canzawa kowace awa? Mun taɓa shiga wani lungu da yara suka gina, muka kasa juyowa, sai da aka rushe musu aikin a gabansu. Ɗana ya ji kunya fiye da kowa. Tun daga ranar ba ya son shiga.

Mai_Jagora:
Subhanallah. Wallahi Maman Biyu ban kawo wannan a raina ba ko sau ɗaya. Allah ya ƙara masa lafiya.

Malama_Aji_Hudu:
A liƙa tef mai launi a ƙasa, a ce nan kogi ne, ba a gini a cikin kogi. Yara suna bin doka idan ta shiga cikin wasan. Kuma a yi wasu allunan gajeru da za a iya haɗawa a kan teburi, don wanda yake zaune ya zama magini shi ma, ba mai wucewa ta cikin ginin wasu kawai ba.

Ummu_Biyu:
Na biyun nan shi na fi so Malama. Hanya kawai ba ta isa ba.

Bako_Mai_Tambaya:
Wai duk wannan ba daga ninkin takarda na Japan aka kwaso shi ba?

Malam_Tarihi:
Ba duka ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara ya kuma raɗa mata suna a 1840, ya sa ninkin takarda da tubalan katako a cikin abin da ake koyarwa. Da tsarinsa ya isa Japan a ƙarshen ƙarni na 19, ninkin nasa ya haɗu da wanda suke da shi tun da. A makarantar fasaha ta Bauhaus a Jamus ma Josef Albers yakan ba sababbin ɗalibai takarda zalla ya ce su fitar da abin da za ta iya yi ta hanyar ninki da yanka. Sai kuma Charles da Ray Eames a Amurka, a 1952 suka fitar da katunan gini masu tsaga shida kowanne, ana cusa wannan cikin wancan. Mai_Jagora, ki duba wannan dabarar da kyau. Babu hinji ko ɗaya, tsaga ce kawai, idan an gama a zare a jera su a kwance. Matsalar da Baba Kafinta ya kawo ta kau.

Tsohon_Kafinta:
Ta kau, wata ta shigo. Tsaga tana buɗewa da yawan cusawa, ranar da ta yi sako-sako ginin ya zama lilo. A katako mai kyau za ta daɗe, a kwali kam ki yanko na canji tun yanzu.

Mai_Adana_Kaya:
Ba wanda ya yi maganar kayan tarihin kansu, kuma saboda su aka buɗe gidan. Katakon da aka matse da gam, da wasu fenti, da wasu robobi, suna fitar da tururin da ba a gani wanda ke cin ƙarfe yana dusar da azurfa. Shi ya sa ake gwajin Oddy, wanda Andrew Oddy ya fito da shi a gidan tarihin Birtaniya a 1973. Ana rufe ɗan yankin kayan a kwalba tare da ƙananan fallayen azurfa da jan ƙarfe da darma, a ajiye a zafin digiri 60 na kwana 28, sannan a duba ko sun canza. Idan allunan a buɗaɗɗen ɗaki za su zauna haɗarin kaɗan ne. Abin da nake tsoro shi ne sito. Ƙananan gidajen tarihi sito ɗaya gare su, sai a jingine sababbin alluna masu warin fenti kusa da kayan da suka shekara ɗari. Don Allah kar a yi haka. Sannan allo mai tsayi kar ya kusanci akwatin gilashi, a bar tazarar da ko ya faɗi ba zai kai ba.

Mai_Jagora:
Hajiya kamar kin leƙa sitonmu.

Mai_Tsaron_Zaure:
Ni ne wanda ake bari da ɗaki idan masu shawara sun tafi gida, don haka ku saurare ni. Tambayar da ba a yi ba ita ce yaushe ake rushewa. Idan na bar ginin da rukunin safe suka yi, duk wanda ya shigo bayan su ba ya taɓawa, gani yake aikin wani ne, sai ya ɗauki hoto ya wuce. Idan kuma na ninke komai na jingine, mai shigowa ya ga ɗaki wayam ya ɗauka ba a buɗe ba. Abin da na gano da kaina, ba wanda ya koya min, shi ne in bar abin rabi da rabi. Allo uku a tsaye a karkace, ɗaya a kwance a ƙasa kamar an manta da shi. Mutum ba ya iya ganin allon nan a ƙasa ya ƙyale. Da ya ɗaga shi, to ya shiga.

Ɗaya ɓangaren kuma, akwai yaron da ya dawo washegari da kakarsa don ya nuna mata gidan da ya gina, ya tarar na ninke. Kukan da ya yi har yau ina jin sa. Yanzu kafin in rushe nakan ɗauki hoto a buga a liƙa a bango, kuma tun farko nakan gaya musu cewa da yamma allunan za su kwanta barci.

Dalibar_Fasaha:
Malam Mai_Tsaron_Zaure, abin da ka gano akwai wanda ya gina rayuwarsa a kai. Franz Erhard Walther na Jamus ya yi wasu kaya 58 na ƙyalle tsakanin 1963 da 1969, ana shiga cikinsu, ana ɗaurawa, wasu sai mutum biyu sun ja daga nesa. Idan ba a amfani da su ana ninke su a jera, kuma a wajensa wannan ninkakken halin ma wani ɓangare ne na aikin, ba ɓoyewa ake yi ba. Ya sami babbar kyautar baje kolin Benis a 2017. Watakila bai kamata allunan su tafi sito ba sam. A yi musu wurin kwanciya a cikin ɗakin inda kowa zai gani, ninkewar ma baƙi su yi ta da hannunsu.

Mai_Tsaron_Zaure:
Baƙi su ninke? Ƙanwata, kin taɓa ganin ajin da aka ce mota na jira a waje?

DanKallo77:
Har yanzu dai ba a amsa wa shugaban ba. Ya ce ba a koyon komai. Malama ta ce tambaya ce ke koyarwa, Mai_Tsaron_Zaure ya ce dabarar ma'aikaci ce. To ashe allon kayan ɗaki ne ɗin, kamar yadda mutumin ya faɗa. Ku ba shi gaskiyarsa.

Malama_Aji_Hudu:
Alli ma kayan aji ne, amma gwada koyar da lissafi babu shi. Yarinyar da na ba ku labari ba za ta gano maganar sunkuyawa a kan takarda ba, sai da ta ja allon da hannunta ta ga ƙawarta ta duƙa.

Malam_Tarihi:
Kuma idan shugaban mai son takarda ne, a nuna masa ma'anar gidan tarihi da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta amince da ita a Firag a 2022. Shigar al'umma cikin aikin tana ciki ƙarara.

DanKallo77:
Rubutawa daban, yi daban, Malam.

Mai_Jagora:
Na gode muku duka. Ba zan nemi ashirin ba yanzu. Zan yi shida na kwali, uku da ƙyalle uku da tsaga, da wasu ƙanana na kan teburi saboda maganar Maman Biyu, in gwada da aji ɗaya in kira shugaban ya tsaya ya gani. Ban sani ba ko zai sauya ra'ayi, ni kaina DanKallo ya sa min shakka. Baba Kafinta, ƙyallen nan faɗinsa nawa zan yanka, kuma wane gam ne ba zai jiƙa kwalin ba?

Tsohon_Kafinta:
Kamar faɗin tafin hannu, rabi a wannan allon rabi a wancan. Ki sa wani kwalin a tsakaninsu lokacin liƙawa don ya bar musu wurin ninkuwa, idan ba haka ba ba za su kwanta a kan juna ba. Farin gam na katako ya isa, ki shafa kaɗan-kaɗan, ki ɗora nauyi a kai ya kwana.

Mai_Adana_Kaya:
Ya kwana a ofishinki, ba a sito ba.